Hannuna Ya Mutu A Kan Keken Ɗinki: Lalaci Ne Ko Ƙwaƙwalwa Ce Ta Gaji?

Wasiƙar wannan makon daga wani tela take a Zariya. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane shi.

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 34, ina da mata da yara uku, shekara 15 ke nan ina ɗinki. A da in na hau keke sai na ji kiran sallah nake sanin lokaci ya ja. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya dagule min. Man janareta ya yi tsada, mai shago ya ƙara haya, ga bashin da na ci na sayi keken aikin wuya, ga mahaifiyata ba lafiya, ni ke sayen magani. Da farko na yi ta fafutuka ba dare ba rana. Amma yau wata bakwai ke nan hannuna ya mutu. Zan buɗe shago in zauna in zuba wa keke ido har azahar. Yadin mutane ya taru, wasu ma na karɓi kafin alƙalami. Kwanan baya na yanka shaddar wani da awon wani. Da dare ba na barci, waya nake latsawa har ƙarfe biyu, na fara cacar ƙwallo kuma. Da sallar da ta wuce wani abokina ya ba ni tiramadol sau biyu, na kwana ina ɗinki, yanzu zuciyata tana raya min in koma. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, in aka sa min abinci ina jin daɗinsa, in autana ya hau cinyata ina jin daɗi, amma in tashi in nemi wani abu da kaina ne ya gagara. Matata ta ce lalaci ne, mahaifiyata ta ce hannu aka sa min. Na ga bidiyo ana cewa damuwa tana ƙarar da wani sinadari a ƙwaƙwalwa wai shi dofamin. Shin nawa ne ya ƙare? Akwai maganin da zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kafin komai, ka cire maganar lalaci daga ranka. Malalaci ba ya shekara 15 a kan keke, ba ya kwana yana ɗinkin sallah, ba ya kuma zama ya rubuto doguwar wasiƙa don aiki ya gagare shi. Raggo in ya samu hutu daɗi yake ji. Kai kuwa zaman nan da kake yi gaban keke azaba ce gare ka, na ji haka a kowane layi na wasiƙarka.

Dofamin ɗinka kuma bai ƙare ba. Ba kamar mai ba ne a tankin janareta da za a ce ya tsotse sai an ɗuro wani. Sinadari ne da wasu ƙwayoyin jijiya da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa suke haɗawa kullum daga abincin da muke ci, wake da gyaɗa da ƙwai da nama duk suna da kayan haɗinsa. Ƙwayoyin da ke wannan aiki ba su kai miliyan ɗaya ba a cikin wajen biliyan 86 da ke kan mutum, amma rassansu sun kai wurare masu muhimmanci: wurin da ke sarrafa motsin jiki, wurin da ke sa mutum ya himmatu, da kuma ɓangaren goshi inda ake tsara tunani. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa wannan sinadari ɗan saƙo ne tsakanin jijiyoyi, aka kuma ba shi lambar Nobel a 2000. Abin da doguwar damuwa take yi shi ne ta sauya yadda ake sakinsa da yadda ƙwaƙwalwa take amsa shi. Wannan bambancin yana da amfani gare ka, domin abin da ya sauya yana iya sake sauyawa.

A duk wasiƙarka, inda na fi tsayawa shi ne wurin da ka ce kana jin daɗin abinci, kana jin daɗin autanka, amma tashi ka nema ne ya gagara. Ka faɗi abin da masana suka shafe shekaru suna bincike a kai ba tare da ka sani ba. Masu bidiyon da ka gani suna kiran dofamin sinadarin jin daɗi, alhali aikinsa ya fi kusa da nema fiye da jin daɗi. Kent Berridge na Jami'ar Michigan a Amurka ya gwada ɓerayen da aka rage musu dofamin ƙwarai. In aka ɗiga musu ruwan suga a baki, suna lasar baki kamar kowane ɓera, wato zaƙin yana nan. Amma ba za su tashi su je ga abincin ba. Wani kuma, John Salamone na Jami'ar Connecticut, ya shirya wa ɓeraye hanya biyu. A ɗaya akwai abinci mai yawa amma sai an haura shinge, a ɗayar abinci kaɗan ne ba shinge. Lafiyayyen ɓera haurawa yake yi ya ci mai yawa. Wanda aka taɓa masa dofamin sai ya bi hanya mai sauƙi ya ci kaɗan. Da aka ɗauke shingen, sai ga shi ya koma ga mai yawan. Ka ga ke nan bai daina son abincin ba, bai kuma manta inda yake ba. Shingen ne ya yi masa tsawo a ido.

Haka keken nan ya zame maka. Ba ka daina son ɗinki ba, hannunka bai manta aska biyu ba. Ƙwaƙwalwarka ce take auna wahalar aikin da abin da za a samu, sai ta ce ba riba. Waya kuwa ba ta da shinge ko kaɗan, babban yatsa kawai take buƙata.

To me ya kai ta ga wannan lissafi? A nan damuwa ta shigo.

In mutum ya haɗu da barazana, wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa yana aika saƙo, saƙon ya bi ta jini ya isa wasu 'yan ƙulli biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su saki kotizol, sinadarin da ke shirya jiki ya fuskanci matsi. Adirenalin ma, wani sinadarin da ke zaburar da jiki, daga nan yake fitowa. Zuciya ta ƙara bugu, suga ya ƙaru a jini, barci ya gudu. A irin wannan gajeren matsi dofamin ƙaruwa ma yake yi. Kowane tela ya san wannan a goman ƙarshe na azumi: janareta na ruri, almakashi na kuka a kan tebur, yaron shago na guga, mai riga na tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, kai kuwa tef a wuya, allura a baki, ba ka jin yunwa ba ka jin gajiya. Wannan matsi ne mai iyaka. Ka san ranar sallah zai ƙare, ka kuma san in ka ƙara himma kayan za su ragu. Jiki yana iya ɗaukar irinsa, har yana ƙara masa kaifi.

Naka na yanzu ba shi da ranar sallah. Tun 1936 wani likita a Kanada mai suna Hans Selye ya bayyana cewa jikin da aka daɗe ana matsa masa yana bin mataki uku: ya firgita, ya dage, sannan ya sare. Lokacin da ka yi kana fafutuka ba dare ba rana ita ce dagewar. Wata bakwai ɗin nan kuwa sarewar ce. A 1987 wani masani ɗan Birtaniya, Paul Willner, ya nuna cewa ba sai an yi wa dabba babbar azaba ba. Ƙananan takura ne kawai, yau a jiƙa mata shimfiɗa, gobe a bar mata fitila a kunne, jibi a karkata kejin, ba ta san wanne zai zo ba kuma ba ta da yadda za ta hana. Bayan 'yan makonni ɓerayen suka rage shan ruwan sugan da a da suke rububi. Abubuwa biyun nan, rashin sanin abin da zai zo da rashin ikon hana shi, su ne dafin damuwa. Ka duba rayuwarka: farashin mai ba a hannunka yake ba, wuta ba a hannunka take ba, haya ba a hannunka take ba, ciwon Mama ma haka.

Akwai wani gwaji da nake so ka riƙe. Wani masani mai suna Wolfram Schultz ya auna ƙwayoyin dofamin a kan birai a shekarun 1990. In aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin sai su harba. In aka saba kunna masa fitila kafin a ba shi, sai harbin ya koma kan fitilar, wato alamar cewa alheri na tafe. Amma in fitila ta kama, lokaci ya yi, ba a ba shi komai ba, sai ƙwayoyin su yi tsit, su faɗi ƙasa da yadda suke a da. Da wannan tashi da faɗuwar ƙwaƙwalwa take koyon abin da ya cancanci a wahala a kansa. Ka ɗora wannan a kan shagonka. Ka gama babbar riga, an biya ka, kafin magariba kuɗin sun tafi gidan mai, sun tafi kyamis, sun tafi wurin mai bashi. Ka sake gama wata, haka. Wata da watanni fitila tana kamawa, hannunka yana dawowa wayam. Ƙwaƙwalwa ba ta san tattalin arzikin ƙasa ba. Abin da ta koya kawai shi ne ɗinki ya daina kawo komai.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje a kan dabbobi aka yi su, amma an ga makamancinsu a jikin mutane. A 2019 wasu masu bincike a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka daɗe cikin wahalhalun rayuwa suka kwatanta da na waɗanda ba su sha irin wannan ba, suka ga na farkon suna haɗa dofamin ƙasa da na biyun. Yanka shaddar wani da awon wani ma yana da bayani. Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta daɗe tana nuna cewa ɓangaren goshi, wanda ke riƙe lamba a kai yana tsara me za a fara me zai biyo, yana son dofamin daidai wa daida, kamar gishiri a miya. In damuwa ta sa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, riƙon sai ya kwance. Ba ƙwarewarka ce ta tafi ba. Kai ne ka auna mutum alhali rabin hankalinka yana wurin mai bashi.

Yanzu bari in yi maka magana a kan abubuwa biyun da suka fi tayar min da hankali, cacar nan da ƙwayar nan.

Caca tana kama mai irin halinka ne saboda dalili sananne. Schultz da abokan aikinsa sun nuna a 2003 cewa ƙwayoyin dofamin sun fi zabura a lokacin jira idan samu da rashi suka yi kunnen doki, wato ba a san ko za a samu ko ba za a samu ba. Cacar ƙwallo a kan wannan aka gina ta. Mutumin da komai ya dushe masa sai ya ji a nan kaɗai zuciyarsa take motsi, minti 90 yana raye. Ba ma cin ne ke riƙe shi ba, jiran ne. Kuma kai mai bashi ne, kuɗin da kake zubawa a ciki wataƙila kafin alƙalamin wani ne. Ka san hukuncinta a addini, ba sai na tuna maka ba. Ka goge manhajar yau, kafin ka gama karanta wannan amsa in da hali, ka kuma gaya wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa cewa ka fara ka daina, domin abin da aka ɓoye shi ke saurin dawowa.

Tiramadol kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Dangin ƙwayoyi masu sa maye ne da likita ke bayarwa don ciwo mai tsanani. Daren da ka sha ka kwana kana ɗinki, ƙwayar ta tilasta wa ƙwaƙwalwa sakin abin da ta yi ƙwauronsa. In aka maimaita, ƙwaƙwalwa tana kare kanta ta hanyar rage amsa saƙon, sai a wayi gari abin da ɗaya take yi sai biyu, kuma ranar da ba a sha ba mutuwar jikin ta fi ta da. Tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman in an sha da yawa. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma da yawa a cikin masu shan irin wannan ba 'yan daba ba ne, masu neman halak ne irinka da suka fara don su ƙara awa biyu a bakin aiki. Sau biyu ka sha, ƙofar fita a buɗe take. Abokin nan ka gaya masa a fili kada ya ƙara kawo maka, ko da kai ka roƙa.

Ka tambayi maganin da za ka saya. Babu wata ƙwayar dofamin da lafiyayyen mutum zai saya a kyamis ya sha ya ji himma. Dofamin kansa in an sha ko an yi allurarsa ba ya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Magungunan da ke ƙara shi, irin wanda ake ba masu cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki, na wata cuta ce daban kuma suna da illolinsu. Babu kuma gwajin jinin da zai gaya maka yawan dofamin da ke kanka. Duk wanda ya tallata maka garin magani ko kwalba a intanet da sunan cika dofamin, kuɗinka yake so.

Amma akwai likita, kuma ina so ka je cikin makon nan. Rashin sha'awar abin da aka saba so, rashin barci, kasala da rikicewar tunani, in suka wuce mako biyu suna hana mutum aikinsa, likitoci suna duba ko ciwon damuwa ne. Kai wata bakwai ka yi. Ba ni da ikon yanke maka hukunci daga wasiƙa, shi ya sa nake tura ka. Akwai kuma cututtukan jiki da ke zuwa da irin wannan kama, kamar ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo, duk ana gane su da gwajin jini. Kana Zariya, asibitin koyarwa na Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ko babban asibitin da ya fi kusa da kai ka fara zuwa, za su tura ka inda ya dace. Na san abin da mutanenmu ke cewa in an ga mutum a irin wannan layi. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a layin nan 'yan kasuwa ne da malamai da matan aure da barci ya ƙaurace musu, da ƙafarsu suka zo, da ƙafarsu za su koma. Ka gaya wa likita maganar tiramadol ba ɓoye-ɓoye, domin haɗa shi da wasu magungunan damuwa yana da haɗari. In an ba ka magani, ka sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin sauƙi, kada ka yar da shi a kwana biyar, kada kuma ka daina ba da sanin likita ba.

Akwai tambayar da ba ka taɓo ba, ni zan yi maka ita. Shin zuciyarka ta taɓa raya maka cewa gara mutuwa, ko ka cutar da kanka? In eh, kada ka jira mako. Ka gaya wa matarka ko wani ɗan'uwanka yau, ku tafi asibiti yau. Wannan tunani alamar ciwon ce, kuma yana wucewa in an samu kulawa.

Maganar Mama kuwa, kada ka yi musu da ita. Uwa ce ta ga ɗanta ya sauya tana neman dalili. Ka karɓi addu'arta da hannu biyu, ka kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya, an umarce mu da neman magani. Akwai addu'ar da ta tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda a cikinta yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Duk lokacin da na karanta ta sai na tsaya a kan yadda aka jero damuwa da kasala da bashi wuri guda. Ka riƙe ta safe da yamma, malamin unguwarku zai koya maka lafazinta in ba ka haddace ba.

Sai abin da ke hannunka. Tunda dafin yana cikin rashin iko ne, aikin farko shi ne ka ƙwato ɗan abin da za ka iya iko da shi. Bashin nan yanzu a kanka yake yawo ba shi da fuska, shi ya sa yake kai ka ƙarfe biyun dare. Ka ɗauki littafin awonka, ka buɗe shafin baya, ka rubuta nawa ne, na wa ne, yaushe. Sannan ka je wurin mai bashin da ƙafarka kafin shi ya zo, tare da wani babba da yake jin kunyarsa, ko shugaban telolinku ko limaminku. Ku yanka abin da za ka iya biya duk mako, komai ƙanƙantarsa, wanda ka tabbata ba za ka saɓa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Yawancin masu bin bashi gudun da ake yi musu ne ya fi ƙona musu rai. Keken aikin wuyan nan ma ka yi masa lissafi da idon basira: in man da yake sha ya fi abin da yake kawowa, ka ba da hayarsa ga wani tela ko ka sayar ka rage bashin. Maganin Mama kuma, in kana da 'yan'uwa, ka tara su ka faɗa musu gaskiya cewa kai kaɗai ba za ka iya ba. Da yawa suna zaton kana da shi ne saboda ba ka taɓa cewa babu ba.

Ledojin yadin da suka taru ƙarƙashin tebur, kowace ɗaya ido ce da ke kallonka in ka buɗe shago. Ka zazzage su ka ƙirga. Wanda ka san ba za ka iya ba cikin wata guda, ka kira mai shi ka ba shi haƙuri, ka mayar masa ko ka haɗa shi da wani telan da ka yarda da aikinsa. Za ka ji kunya na minti biyar. Amma tulin da ya rage zai zama wanda ido zai iya ganin ƙarshensa.

Ga kuma abin da na fi so ka ɗauka a duk maganata. Kana zaune ne kana jiran sha'awar aiki ta dawo sannan ka taka keke. A halin da kake ciki ba ta wannan hanyar take dawowa ba. Motsi ne ke fara zuwa, sha'awa ta biyo baya. Ƙwaƙwalwar da ta koyi cewa wahala ba ta da riba, ba a lallashinta da magana, sai ta ga an yi abu an gama an samu, sau da yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da wannan a matsayin magani, kuma wani babban gwaji da aka buga a Ingila a 2016 ya nuna wannan hanya mai sauƙi ta yi aiki daidai da doguwar hanyar zaman shawara da ƙwararru. Saboda haka ka rage tsawon shingen. Kada ka ce gobe zan gama kayan mutane. Ka ce gobe bayan asuba, kafin in taɓa waya, zan ɗinka wando ɗaya. Ba babbar riga ba, wando. Ka yanka shi tun yau da yamma, ka sa zare a keke, ka ajiye shi a kai, yadda gobe zama kawai za ka yi ka taka. In ka gama ka goge shi, ka rataye inda za ka riƙa ganinsa, ka kira mai shi ya zo ya karɓa. Ranar farko ba za ka ji komai ba, wataƙila har mako. Ka ci gaba. Daga kuɗin kowane ɗinki ka ware wani abu, ko na tsiren yara ne, wanda ba mai bashi ba gidan mai, domin ƙwaƙwalwarka ta sake ganin aikin hannunka ya isa gida. Awo kuma, har hankalinka ya dawo, ka rubuta sunan mai kaya da alli a jikin yadin, ka duba littafi sau biyu kafin almakashi ya taɓa shi.

Barci ba ƙaramin abu ba ne a nan. Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun nuna a 2012 cewa kwana ɗaya ba barci yana rage wuraren da ke karɓar saƙon dofamin a ɓangaren himma na ƙwaƙwalwa. Kotizol kuma a ƙa'ida da safe yake hawa, tsakar dare ya sauka, mai latsa waya har ƙarfe biyu yana dagula wannan tsari. Bayan isha'i ka miƙa wa matarka wayar ta ajiye a wani ɗaki. Shayi mai kauri da goro da lemon ƙarin kuzari, ka tsayar da su daga la'asar. Da safe in shagon ba shi da nisa sosai ka taka da ƙafa, rana ta taɓa ka, tela yana wuni a zaune ne a inuwa.

Kada kuma ka janye daga mutane. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu abin da a harshensu suke kira yawan tunani. Aikinsu shi ne su taya mutum jero matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya, su nemi matakin da zai ɗauka kafin zama na gaba. Da aka gwada tsarin aka buga sakamakon a 2016, waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi ƙwarai bayan wata shida. Mu ma muna da benci, muna da dakali, muna da majalisa. Abin da ya rage shi ne ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, ka daina ce masa "lafiya lau" in ya tambaye ka.

Matarka kuma ka ba ta wannan amsa ta karanta, ko ka karanta mata. 'Yar'uwa, na san ke ma a cikin wutar kike, ke ke ganin tukunya, ke yara ke tambaya. Kalmar lalaci da kika faɗa tsoro ne ya sa, ban ga laifinki ba. Amma mijinki ba shi da lafiya ne, kuma gori yana ƙara wa shingen nan tsawo. Ki raka shi asibiti, ki riƙe masa wayar da dare, ranar da ya gama wando ɗaya ki nuna kin gani.

Ƙanena, sauƙin ba zai zo a dare ɗaya ba, abin da ya ɗauki watanni yana taruwa yakan ɗauki makonni ko watanni yana warwarewa, kuma za a samu ranakun da za ka koma ka zuba wa keke ido. In haka ta faru, washegari ka koma kan wando ɗayan. Bayan wata guda ka sake rubuto min, ka gaya min abin da likita ya ce, yadda kuka yi da mai bashi, da ƙarfe nawa kake kwanciya yanzu. Allah ya ba Mama lafiya, ya warware maka.